Da Hannuna Na Rubuta Takardar Sare Giyayya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Ɗantsoho, wanda aka ba aikin malamin daji a Birnin Kebbi. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe wannan takarda kana zaune lafiya a masaukinka, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baƙon wuri, Ya haɗa ka da shugabanni masu tsoronSa. Amin.

Bayan haka, na ba innarka wasiƙar nan ta sa maka a ƙasan akwati, na ce kada ta gaya maka sai an ɗora kayanka a mota. Za ka yi mamaki, ga ni ga ka a gida ɗaya amma ina rubuta maka takarda kamar wanda ya tafi Gwanja. To ya zan yi? Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa maka. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar hira ba. In ka shigo zaure in fita, in na shigo ka fita. Haka muka tarar ana yi, ban kuwa ga laifinsa ba sai a wannan mako, da magana ta cika mini ciki na rasa ta inda zan fitar da ita. Ka yi haƙuri da rubutun. Bokon ajin yaƙi da jahilci ne, kuma a bukkar lambu nake yin sa a kan gwiwa, ina yi ina tashi, don zama ya ƙi mini.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Akwai wata takarda da ta riga ka isa ofishinku. Mutanen tungarmu ne suka aika, suna neman izinin sare itatuwan giyayyar da suka rage a gaɓar gulbi, daga mashaya har inda ruwa ya yi gwiwa, don motar noma ta sami fili ta kafce wurin kafin damina. Na san ba kai ke yanke hukunci ba, kana da na gaba da kai. Amma kai za a turo ka duba, tunda ka san wurin, kuma abin da ka rubuta shi babbanku zai bi. Kowa a nan ya san haka. Ranar da aka ji an ba ka aiki mata suka yi ta guɗa, maza suka yi ta zuwa yi mini barka. Kana tsammani duk don gajeren wandonka na kaki ne da hular nan mai kama da akushi? In ka ɗauki takardar za ka gane rubutun nan take, don irinsa ne a hannunka yanzu. Ni na rubuta ta. Ina so ka ƙi ta.

Ba zan ce ka ƙi abin da ubanka ya rubuta haka kawai ba, sai na gaya maka dalili, dalilin kuwa da kaɗan ka girme shi.

Lokacin da kake rarrafe, lambunmu bai tsaya inda ya tsaya yanzu ba. Ya zarce gaba sosai, har wurin da masunta ke jefa taru a yau. A bakinsa akwai giyayya bakwai da wata babbar kanya, sun jeru a gaɓa, saiwoyinsu sun kama ƙasa har cikin ruwa. Ni dai ba na ganin komai a jikinsu sai inuwar da ke hana albasa girma da tsuntsayen da ke kwana a kai. Kakanka Tsoho, Allah Ya jiƙansa, ya ga yadda nake kallon su. Wata rana muna jan ruwa da jigo ya ce mini, “Mamman, itatuwan ga na iske su, kai ma ka iske su. Su ka riƙe muna gaɓa. Kak ka sa musu gatari.”

Na ce to, amma a baka kawai. A zuciyata na ce tsoho dai tsoro ya yi masa yawa. Gulbin da ya shekara ɗari a wuri ɗaya, ice takwas ne ke riƙe da shi?

Da ya rasu ban ko bari shekara ta zagayo ba. Na wasa gatari. Innarka tana ɗauke da kai a baya ta tare ni a ƙofar gida ta ce, “Malam, ashe ba su na Tsoho yah hana a taɓa ba?” Na ce da ita, “Buhu nawa Tsoho yat taɓa kaiwa Argungu?” Ka ji irin bakina a lokacin. Kwana tara na yi ina sara, ina tone kututture, ina ƙonewa. A rana ta uku maƙwabcinmu Tanko, wanda lambunsa ke ƙasa da namu ta inda ruwa ke gangarawa, ya zo ya tsaya. Ya ce sannu da aiki, na amsa. Ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya juya ya tafi.

Na fitar da fangalin albasa ashirin a wurin. Ƙasa ce da ganye ya shekara da shekaru yana ruɓewa a kanta, baƙa wuluk. Albasar da ta yi a shekarar nan ban sake ganin irinta ba, kowace ɗaya ta cika tafin hannu. Jaki uku na kora Argungu har sau biyu. Na dawo da sabuwar riga ina tafiya ina buɗa hannu, ina jira wani ya ce Tsoho ya fi ni sanin noma.

Cikowar shekara ta biyu ce ta ba ni amsa. Ruwa ya zo da ƙarfi, ya doki gwiwar nan bai tarar da abin da zai tare shi ba. Ina tsaye a kan tudu da rana tsaka ina kallon gaɓa na zaftarewa, guntu bayan guntu, kamar ana yankan tuwo da mara. Sabon wurin ya tafi duka, ya haɗa da kashi ɗaya cikin uku na tsohon lambun da na gada. Da a kaina kaɗai abin ya tsaya, da sai a ce ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, a wuce wurin. Amma da ruwa ya sami ƙofa sai ya yanki sabuwar hanya ta tsakiyar lambun Tanko. Rabi ya shiga gulbi. Sauran rabin, da ruwa ya janye, yashi ya binne shi har gwiwa. Rijiyarsa da jigonsa da lemun tsami biyu da ubansa ya dasa, babu ko alama.

To ka ji kuskurena na farko. Shawarata a kansa ita ce, duk wanda ya zo maka da maganar sare ice a bakin ruwa, kada ka tsaya a gonarsa kana auna ta da igiya. Ka bi ruwa da ƙafarka ka gangara, ka ga wa ke ƙasa da shi, da wanda ke ƙasa da wancan. Mai gatari yana ganin iyakar gonarsa, ruwa kuwa bai san iyakar kowa ba. Haka in an kira ka kan tudu, inda ake sassabe ana ƙone gawo da sabara har saiwa, ka tambayi ina yashin wurin zai je in an yi ruwan sama. Fadamarmu zai zo. A littafinku na makaranta wataƙila an rubuta wannan da Turanci mai kyau. Ni da lambun mutum na koye shi.

Na tashi na je na duba ruwan fangali na dawo, don kuskurena na biyu ya fi wuyar rubutawa.

A shekarar nan cikowa ta yi ɓarna a wurare da yawa, daga Augie har Zauro kowa na kukan shinkafarsa. Saboda haka babu wanda ya nuna ni da yatsa. Na iske Tanko tsaye a kan yashin da ya binne lambunsa, yana tona da sanda ko zai gano bakin rijiya. Ka san abin da na ce masa? Na ce, “Sai hanƙuri, Tanko. Ikon Allah na.” Ya dube ni ya ce, “Ikon Allah na, Mamman.” Na koma gida ina jin kamar an sauke mini kaya. Ikon Allah gaskiya ne, ban musa ba, amma ni ɓuya na yi a bayansa, kuma na sani. Ina da sauran lambu, da na yanka masa fangali biyar ya dasa da bai bar garin ba. Na yi tunanin haka, sai na ga in na ba shi kamar na amsa laifi ne. Na yi shiru.

Kafin rani ya ƙare ya kwashe iyalinsa ya koma Argungu. Mutumin da ya fi kowa iya rainon irin albasa a tungarmu, wanda ake zuwa daga nesa neman dashe a wurinsa, ya zama ɗan dako a kasuwa. Shi ne tsohon nan mai gammo da kake gani yana sauke mana kaya in mun je, wanda ke ce maka ɗan maƙwabci. Shekara ashirin yana ɗaukar albasata a kansa daga bayan jaki zuwa motar kurmi. Mu gaisa, in tambayi iyali, ya tambayi mutanen tunga. Kullum in na dawo daga Argungu innarka sai ta ce kasuwa ta ɓata mini rai. Ba kasuwa ba ce.

Ɗantsoho, za ka yi kuskure a aikin nan, babu makawa. Za ka ba wani iri ya ƙi fita, za ka hana wani abin da bai kamata ka hana ba. In haka ta faru ka koma wurin mutumin da ƙafarka tun abin yana ɗanye, ka ce ni ne, sannan ka ga abin da za a iya gyarawa. A makon farko kalma biyu ce. In ta kwana shekara sai ta yi nauyin da harshe ba ya iya ɗagawa, ni shaida ne.

Kuskure na uku ya shafi aikinka kai tsaye, don wani mai irin kakinka na yi wa shi. Bayan ɓarnar ruwa da shekara biyu aka turo mana wani malamin daji. Ya shigo tunga a kan keke yana busa usur, bai sauka ba, bai yi sallama ba. Ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a kan feda ya gaya mana cewa mu ne muke kashe gaɓa da jahilcinmu, ga dashen dogon yaro an kawo, kowa ya dasa a bakin lambunsa, wanda bai dasa ba a ci shi tara. Ga shi kuma a tsakiyar bazara ya kawo su, lokacin da ko mutum neman inuwa yake. Duk taron nan babu wanda ya kai ni sanin cewa gaskiya ya faɗa. Amma kalmar jahilci ta tsaya mini a wuya. Na karɓi nawa guda goma, na dasa yana kallo, na yi musu shinge. Ƙurar kekensa ba ta kwanta ba na buɗe shingen na kora awaki. Da ya dawo na ce masa awakin tungar nan ba su da kunya, ranka ya daɗe. Aka yi ta dariya a bayansa, na zama gwani. Da na bar itatuwan, da yanzu sun fi zaurenmu tsawo, da kuma gaɓar lambun ba ta ci gaba da guntulewa kowace shekara ba.

Laifina ne, ban raba shi da kowa ba. Amma ka ɗauki darasi daga ɓangarorin biyu. In za ka shiga gari ka sauka daga keke tun daga bakin shinge, ka tura shi da hannu. Ka yi sallama, ka zauna a tabarma, in an kawo fura ka sha ko da ka ƙoshi. Ka tambayi tsofaffi inda ruwa ya tsaya a babbar cikowar da suka sani, za su nuna maka a jikin ice, kuma ba za ka sami wannan a taswira ba. Ka tambayi mata wane ice ne ke yi musu wuyar samu yanzu. Kada ka ƙwace gatarin matar da ta fito neman busasshen itacen girki, ba ita ke kashe daji ba. In za ka kawo dashe ka kawo shi da faɗuwar ruwan fari, kuma ka haɗa da mangwaro da gwaiba da lemu. Manomi ba ya barin akuya ta ci abin da 'ya'yansa za su ci. Sannan ka dawo da rani ka ga wanda ke ba nasa ruwa, ka yaba masa a gaban mutane. Mu manoma muna da taurin kai, amma muna da son yabo kamar yara, ka yi amfani da wannan.

Yanzu sai maganar takarda, kuskurena na huɗu, wanda ko wata biyu bai yi ba. Mutum ya ga furfura a gemunsa ya ɗauka ya gama wauta, ashe da saura.

Bayan la'asar ne Sarkin Noma ya tara mu a zaurensa. Ka san shi, tare muka yi kiwon awaki, kuma ba mugun mutum ba ne. Ya ce bakuna sun yi yawa, fadama ba ta ƙaru ba, samari suna tafiya ci-rani wasu ba sa dawowa. Duk gaskiya ne. Ya ce an yi alkawarin motar noma ga duk garin da ya share fili babu kututture. Sannan ya ce, “Bature ya tahi, doka tai ta bi shi. Mun samu mulkin kai. Gulbinmu na, itatuwanmu na. Wa ka hana mu?” Zaure ya ɗauka. Wani ya ce ai har yanzu sai da izinin ofis. Sarkin Noma ya yi dariya ya ce, “Ohis ɗin wa? Ɗanmu na za shi zauna ciki. Wa ka iya boko nan? Mamman! Uba shi rubuta, ɗa shi sa hannu, mi yar rage?”

Aka miƙo mini takarda da alƙalami. Ɗantsoho, da ka ga yadda aka matsa aka ba ni wuri a kan buzu kusa da Sarkin Noma. Ni da na shekara biyu ina zama da allo a gaban malamin aji, sa'o'ina suna mini dariya wai tsoho da a, ba, ca. Ga ranar da boko ya yi rana. Kaina ya kumbura. Wallahi lambun Tanko ya faɗo mini a rai tun ina rubuta layin farko, na ture shi gefe na ci gaba. Na karanta musu sau biyu da murya mai ƙarfi, har da gyaran murya. Kowa ya dangwala yatsa, ni kuwa na rubuta sunana a sama da kowa, na ja masa layi a ƙasa. Tsoho ya hana ice takwas, ɗansa ya rubuta a sare fiye da hamsin. In an ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, da ni ake.

Ka kiyayi ranar da za a matsa a ba ka wuri a kan buzu. Za a yi maka, fiye da yadda aka yi mini, don kai hatimi ne a hannunka. Za a ce kai ɗan gari ne, kai ka san wahalarmu, ba kamar baƙi ba. Za a aiko wa innarka da kifi. A lokacin ne za ka ji abin da ka sani yana ja da baya a cikin kanka. In ka ji haka ka ce a ba ka kwana biyu, ka tashi ka fita. Maganar mulkin kai kuwa, na yi murna da shi kamar kowa. Amma da na zauna na duba, sai na ga abin da ya canza shi ne yanzu in gaɓa ta zube babu wani baƙo da za mu ɗora wa, kuma babu wanda zai zo daga wata ƙasa ya mayar mana da ita.

Da na so in ce hankalina ne ya dawo da kansa, amma ƙarya ce. Ranar kasuwar da ta wuce na kai albasar fari Argungu. Tanko ya zo kamar kullum, ya naɗa gammo, na taya shi ya ɗora buhu. Ya yi taku biyu sai ya tsaya, ya sauke shi a ƙasa, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, “Na ji kun aika takarda Birnin Kebbi.”

Na ce, “An aika.”

Ya ce, “An ce kai kar rubuta.”

Ya share zufa da gammon, ya ce, “To wa ka lambu ƙasa gare ku yanzu?”

Bai jira amsata ba. Ya ce, “Randa kas sa gatari ina tsaye, Mamman. Na so in yi magana, nig ga lambunka na, icenka na. Bayan nan kuma ban ce komi ba, don magana ba ta maido ƙasa. Na daɗe da bar ma Allah. Amma wanga karo ba mutum guda na ƙasa ba.”

Ya sunkuya, na kama masa buhun, ya ɗauka ya tafi wurin mota. Ashe duk shekarun nan ya sani. Yana sane yake tambayata lafiyar iyali, yana sane yake ce maka ɗan maƙwabci. Ban san yadda na kora jakuna na iso gida ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har yau abinci ba ya mini daɗi.

Amsar tambayarsa ka san ta. Ƙasa da gwiwar nan lambunan Tungar Ƙasa ne gaba ɗaya, gida wajen ashirin, har da na mijin ƙanwarka Hajo, wanda bana ya haƙa sabuwar rijiya ya dasa barkono. Ba a kira ko ɗayansu zauren Sarkin Noma ba. Babu yatsan ɗayansu a takardar.

Sai dai kada ka zo ka ce a'a ka hau keke ka tafi, ka bar mutane da yunwarsu. In ka yi haka za su sare itatuwan a ɓoye, kuma ba zan ga laifinsu sosai ba. Buƙatarsu ta gaskiya ce. Akwai fadamar nan ta bayan tunga da bau ya cinye, shinkafar dajin nan mai saiwa kamar igiya, wadda ta gagari galma tun zamanin Tsoho. Babu ice ko ɗaya a cikinta, kuma ta ninka wurin giyayya faɗi. Abin da ya gagari hannu shi ya kamata a kai wa mota. Ka haɗa kai da malamin gona ku je ku gani. Dalilin da ya sa ba a ambace ta a zaure ba, ta fi nisa, kuma ba za a sami itace a cikinta ba. Wasu da ke ɗaga murya a kan shinkafa, itacen bandar kifi da na rufin ɗaki suke hange. To a ba su rassa. A yi tsari, bana a sassabe rassan waɗannan, baɗi na waɗancan, gindi ya zauna. Giyayya tana tohuwa in ba a taɓa saiwarta ba. Ka kira mutanen Tungar Ƙasa su zauna a yi maganar da su, don gaɓar tasu ce kamar yadda take tamu.

Na san abin da nake ɗora maka. Aikinka na farko, a garinku, a gaban mutanen da suka yi maka guɗa. Za a ce boko ya lalata ka, ka ci amanar gari, ka kunyata ubanka. Innarka za ta ji magana a bakin rijiya. Bai kamata yaro ya ɗauki wannan shi kaɗai ba alhali babba ne ya ƙulla. Saboda haka na yi niyya ranar Juma'a, in mun dawo daga masallaci an taru a zauren Sarkin Noma, zan tashi in ce na janye sunana, in kuma faɗi abin da ya cinye lambun Tanko, da bakina, a gaban waɗanda suka san shi. Daga nan in Allah Ya kai mu kasuwa in je in same shi in faɗi abin da ya kamata in faɗa tun kana goye. Ƙasarsa ba za ta dawo ba, amma akwai fangali a lambun nan in ɗansa yana so.

Na ce na yi niyya. Ban ce na yi ba. Na san kaina, sau huɗu na ba ka labarin yadda nake yi in ido ya yi mini yawa. Tun jiya nake maimaita maganar ina jan jigo, in na kai tsakiya sai in koma farko. Ina jin tsoro, ban ɓoye maka ba.

Don haka ga yadda za mu yi. In ka zo dubawa ka tarar na faɗa, alhamdu lillahi, ka je gaɓa ka rubuta abin da idonka ya gani. In kuwa ka tarar na kasa, ina zaune a cikinsu kaina a sunkuye, ka durƙusa ka gaishe ni yadda ka saba, ka wuce gaɓa ka rubuta abin da idonka ya gani. Ba saɓa wa mahaifi ka yi ba, na yafe maka tun yau, duniya da lahira. In kuma suka taso maka da cewa ka ƙi maganar ubanka, kada ka yi musu da kowa. Ka ciro wasiƙar nan ka karanta musu ita daga farko har ƙarshe, ina zaune. Na ba ka izini, kada ka tsallake ko layi ɗaya don ka rufa mini asiri.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Allah Ya tsare hannunka daga abin da zai cuci wanda ba ya nan, Ya ba ka ƙarfin zuciyar da ya fi na ubanka. Ya jiƙan Tsoho, Ya saka wa Tanko da alheri. Ni kuma ka sa ni a addu'a ranar Juma'a. Innarka da Hajo suna gaishe ka. Allah Ya yi maka albarka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Mamman mai albasa.